Dajin da Ke Kwance a Ƙarƙashin Gona

A ƙasar Hausa aikin damina ba ranar shuka yake farawa ba. Tun cikin bazara, lokacin da iska ta tsaya cak zafi ya kai maƙura, manomi ke saɓa gatari da adda ya nufi gona don yin sassabe. Abin da aka daɗe ana yi shi ne a bi gonar kaf, a sare duk wani toho da ya fito daga kututture tun bara, sabara ce ko kalgo ko geza, a tara a cinna wuta. Gonar da ta fito fes, ba ko tsinke, ita ce gonar manomin ƙwarai. Wadda aka gani da duhun tsirrai nan da can kuwa, ko dai ta rago ce, ko ta wanda ya tafi ci-rani ya makara.

A yankunan Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar wannan hukunci ya juye. Manomin da ya isa gindin kututture a yau yakan tsaya ya duba. Cikin toho goma ko ashirin da suka fito zai zaɓi biyu ko uku, wani lokaci har biyar, waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran. Waɗanda ya bari sai ya rage musu rassan ƙasa da kaifaffen makami, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Wani ya ɗaura musu jan tsumma, alamar cewa mai gona ya san da su. Iyakar aikin ke nan. Babu haƙa rami, babu sayen irin dashe, babu ban-ruwa. Can ana kiransa sassaben zamani, kuma da shi ne, bisa ƙiyasin masu bincike, bishiyoyi kusan miliyan 200 suka dawo cikin gonakin da faɗinsu ya kai hekta miliyan 5.

Abin da ya sa dabarar ke ci shi ne, bishiyar da aka sare ba lalle ta mutu ba. Saiwarta tana nan a ƙasa da ranta, ta nutsa nesa inda danshi yake, kuma duk shekara tana turo toho sama. Idan tohon ya yi yawa sai ƙarfin ya rarrabu, ba wanda zai wuce tsayin ƙugu kafin adda ta sake zuwa. Idan aka bar ƙalilan, duk abin da tsohuwar saiwa ta tara sai ya tafi gare su. Shi ya sa tohon kututture ke wuce tsayin mutum a shekara biyu ko uku, alhali dashen da aka ɗauko daga wurin reno yana can yana fama da rani da awaki, in ma ya rayu.

Yadda aka share gonaki

Gona fes ba gadon kaka da kakanni ba ce kamar yadda ake zato. Mutanen dā suna noma a ƙarƙashin ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, kuma suna barin gona ta huta shekaru, saura ta koma daji kafin a dawo mata. A Damagaram har yau ana ba da labarin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki a ƙarni na 19, cewa ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo.

Abubuwa ne suka taru suka canza wannan. Noman gyaɗa ya bunƙasa a zamanin Turawa, malaman gona suka riƙa koya wa mutane cewa gonar zamani ita ce wadda aka tumɓuke kututturanta don garmar shanu ta wuce ba tangarɗa. Jama'a ta ƙaru, hutun gona ya gajarta har ya ɓace. Sai kuma doka. Tun 1935 Faransa ta kafa dokar gandun daji a ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, kuma bayan samun 'yanci Nijar ta yi tata a 1974, wadda ta jera wasu itatuwa da ba a taɓa su sai da izini. Niyyar ita ce kariya, amma abin da talaka ya fahimta daban ne: bishiyar da ke gonarsa ba tasa ba ce, ta hukuma ce. In ya sare reshe, ma'aikacin gandun daji zai ci shi tara. In wani ya zo da dare ya sare, shi mai gona za a fara tuhuma. Mai hankali kuwa ba ya renon abin da zai ja masa tara. Gara ya kashe ta tun tana toho, ba wanda ya gani.

Farin farkon shekarun 1970 ya zo ya tarar da ƙasa tsirara. Manoma suka riƙa shuka sau biyu, sau uku, har fiye, domin iska na kwaso rairayi ta binne tsiron hatsi ko ta yanke shi tun yana ganye biyu. Mata suna tafiyar sa'o'i neman itacen girki, inda babu kuma a ƙona kara da kashin shanu, wato a ƙona takin da ya kamata ya koma gona.

Amsar da gwamnati da ƙungiyoyin agaji suka kawo ita ce dashe. An kafa wuraren renon itatuwa, an raba darbejiya da turare, Nijar ta mai da ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancinta, ta zama ranar dashen itace. Ba za a ce duka ya tafi a banza ba. Layukan darbejiya da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don kare iska sun tsaya, sun kuma yi amfani. Amma a mafi yawan wurare, bayan an ɗauki hoto manya sun koma birni, dashen sai ya zama na kowa, abin da yake na kowa kuwa ba wanda ke kai masa ruwa a watan Afrilu.

Cikin masu wannan wahala akwai wani matashin masanin noma ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ya zo Maraɗi a farkon shekarun 1980 ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM. Kamar yadda shi da kansa ya sha faɗa, wata rana a 1983 yana kan hanyar kai irin dashe ƙauye, ya tsaya rage iskar taya don motar ta iya ratsa rairayi. Nan ya lura da wani ɗan duhu a bakin hanya, irin wanda ya saba wucewa yana ɗauka ciyawa ce. Da ya duba ganyen sai ya ga ashe bishiya ce da aka sare take ƙoƙarin dawowa. Ya ɗaga kai ya ga irinta ko'ina. Dajin da yake ta neman dasawa yana nan kwance a ƙarƙashin ƙafarsa.

Ya fara da manoma ƙalilan, maƙwabtansu suna yi musu dariya, ɓarayin itace suna bin dare. Sai yunwar 1984 ta sauko, wadda mutanen Nijar ke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a gona a ƙauyuka kusan ɗari, aka reni bishiyoyi wajen dubu 500. Da abincin ya ƙare, kusan kashi biyu cikin uku na bishiyoyin suka sha gatari. Wanda ya tsaya nan zai ce aikin ya rushe. Amma waɗanda ba su sare nasu ba sun ga hatsinsu bai ragu ba, ga itacen girki a kusa, ga na sayarwa. Gani ya kori ji. Daga nan abin ya riƙa tafiya daga gona zuwa gona ba tare da buhun agaji ba.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan, domin labarin yakan fi daɗi a bakin 'yan jarida idan aka ce Bature guda ne ya dawo da dajin ƙasa. A 2018 an ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, shekara guda da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da dabarar haƙa ramukan zai, kuma Rinaudo ya cancanta. Sai dai a kudancin Damagaram, a Magarya da Matamai da Mirya, inda wani nazari na 2006 da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi ya nuna gawo ya mamaye kusan hekta miliyan guda, manoma ne da kansu suka koma ga abin da iyayensu suka sani, a lokacin da ƙasa ta ƙure musu kuma hannun hukuma ya yi sanyi. Da tsohuwar zuma ake magani. Duniya ma ba ta farga ba sai wajen 2004, lokacin da Gray Tappan na hukumar nazarin ƙasa ta Amurka da Chris Reij ɗan ƙasar Holan suka fara gwada hotunan sama na 1975 da na sabon zamani, suka ga ƙauyukan da mutanensu suka ninka amma bishiyoyinsu suka fi na dā yawa nesa ba kusa ba. Doka ce ta biyo manoma a baya: an sassauta ta a 2004, sannan a watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan bishiyar da ya rena.

Gawo da maƙwabtansa

Duk wanda ya san gawo ya san ba ya tafiya da sauran itatuwa. Idan damina ta sauka kowa ya yi kore, shi sai ya kaɗe ganyensa ya tsaya kamar busasshe. Idan kaka ta wuce kowa ya fara bushewa, sannan yake yin lif. Ga manomi babu tsarin da ya fi wannan. Ganyen yana zuba daidai lokacin da shuka ke neman taki, kuma babu inuwar da za ta danne hatsi. Gawo dangin wake ne, saiwarsa na tara sinadarin da ake saye da tsada a buhun takin zamani. Da rani dabbobi na taruwa a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, suna barin kashi da fitsari. Ƙwayar da ta bi ta cikin tumbin akuya ko saniya ta fi saurin tsira, don haka duk inda aka kai takin gida, an kai irin gawo. Je ka gonar da ke da shi a watan Agusta ka dubi geron da ke gindinsa, ka dubi wanda ke fili. Ba sai an kawo ma'auni ba.

Sabara da kalgo ba su da wannan suna, ga su gajeru, ba wanda ke yi musu kirari. Amma bincike a ƙasar Senigal ya nuna sabara na yin wani aiki da ido ba ya gani. Da dare, lokacin da ganye ya daina fitar da ruwa, dogayen saiwoyinta na jawo danshi daga can ƙasa su saki wani kaso a sama-sama, inda saiwar gero take. A shekarar da ruwa ya yi tsaiko hatsi na cikin bunni, wannan ɗan danshi na iya raba wanda zai cika rumbu da wanda zai tafi ci-rani tun kafin girbi. Ban da haka, duk inda suka yi duhu suna tare ƙura da ganyayen da iska ke kwasowa, ƙasa ta taru a gindinsu.

Gara ma, wadda kowa ke zagi, tana da nata aikin. A yankin Ilela na jihar Tawa, inda wasu manoma suka ziyarci Yatenga ta Burkina Faso a 1989 suka dawo da dabarar ramukan da ake kira tassa, taki ake zubawa a ramin tun rani. Gara ta zo ci, ta huda ƙasar da ta yi tauri, ruwan farko ya sami hanyar shiga maimakon ya gudu. Feƙon da aka yafe ya koma gona, kuma daga cikin takin nan itatuwa suka riƙa tsirowa ba wanda ya shuka su.

Inda aka fi yi wa bishiya ƙorafi shi ne batun tsuntsaye. Manomi zai ce maka itace a gona masaukin jan-baki ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin garken jan-baki ya sauka a kan gero ba zai raina wannan tsoro ba. Sai dai ba kowane tsuntsu ne ɓarawon hatsi ba. Shamuwa da balbela fara suke ci. Akwai ƙananan tsuntsaye da yawa da tsutsa ce abincinsu, ga jemagu masu farautar ƙwari da dare. Tsutsar nan da ke bin zangarniyar gero tana sassaƙa ta a karkace, wadda a mummunar shekara takan cinye rabin amfani, tana da maƙiya da yawa, kuma a Senigal an gwada an gani: zangarniyar da aka rufe yadda tsuntsu da jemage ba za su kai gare ta ba ta fi shan ɓarna. A Maraɗi kuma, masana na cibiyar binciken noma ta INRAN da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo sun daɗe suna kiwon wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, wanda ke saka ƙwansa a jikin tsutsar ya kashe ta. A ƙananan buhunan algarara ake kai shi ƙauye, a rataye a kusa da gonaki lokacin da gero ya fara fitar da kai. Ba baƙo ba ne, ɗan ƙasa ne, ƙarfafa shi kawai ake yi. Gonar da aka yi wa feshi ba ji ba gani kuwa, shi ne farkon wanda zai mutu a cikinta, tun kafin tsutsar.

Haka zancen yake ga zuma. Gawo na yin fure a farkon rani, lokacin da furanni suka yi ƙaranci, shi ya sa masu amya ke son sa. Kaɗanya na buƙatar ƙudan zuma kafin ta yi 'ya'ya sosai. Kuka da ɗorawa kuwa da dare furensu ke buɗewa, jemage ne babban mai yi musu barbara. Yaron da ke harbin jemage da danƙo, in da ya sani, daddawar miyar gidansu yake harbi.

Abin da bai dawo ba

Nan ne ya kamata a rage murna. Idan aka ce bishiya miliyan 200, sai mutum ya zaci dajin dā ne ya dawo da duk abin da ke cikinsa. Ba haka ba ne. Sassaben zamani yana tayar da abin da ke da rai a ƙasa ne kawai, ko kututture ko ƙwaya. Waɗanda suka jure sara shekara da shekaru su ne suka dawo: sabara, kalgo, taramniya, aduwa, magarya, gawo. A gonaki da dama, iri uku ko huɗu ne ke da mafi yawan adadin. Amma tambayi dattijon ƙauye ya lissafa maka itatuwan da ya sani yana yaro, za ka ji kanya, ɗinya, ɗorawa, kirya, danya, marke. A wurare da yawa na arewacin Maraɗi, waɗannan sai dai a nuna maka guda ɗaya tsohuwa a bakin gari, ba ƙaramarta ko ɗaya a kusa. Kirya ta tafi a turmi da gawayin maƙera. Wasu fari ya kashe, wasu an ci 'ya'yansu kaf ba a bar na tsira ba. Wanda kututturensa ya ruɓe, babu addar da za ta dawo da shi.

Wannan giɓi ba a babbar gona ake cike shi ba. A lambu ake cike shi, da bayan gida, da ɗan shingen da mace ta kewaye kusa da rijiya. A Mirya, kukoki dukiya ce da ake gado, kuma mata da yawa da kuɗin ganyen kuka suke riƙe gida. A fadamun Gulbin Maraɗi, wajen Jiratawa da Tibiri, zogale ya zama amfanin gona na sayarwa, ana yankarsa ana kai wa har Yamai. A Gulbin Kaba goriba ce, wadda kabarta ke zama tabarma da igiya da faifai. Duk inda ake ban-ruwa kullum kuma akwai shinge, nan ne ƙwayar kanya ko tsamiya za ta iya tsira ta wuce bakin akuya.

Lambun gargajiya, in aka lura, bai taɓa zama na abu guda ba. A fangali ɗaya za ka ga albasa, a kan kunya an jera masara ko kuɓewa, a gefe ga yakuwa da rama, kabewa ta bi shinge, lalle ya tsaya a matsayin iyaka, gwanda da lemo suna shan ruwan da ya tsiyaye. Ga kuma waɗanda ba a shuka ba amma ba a cirewa: lalo, gasaya, tafasa, yaɗiya da ke naɗe shinge. Mai aikin gona na zamani zai kira su ciyawa. Uwargida ta san miya ce da kwaɗo, kuma ta san su ne ke riƙe gida a watan da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba. A shekarun yunwa, har anza mai ɗaci an jiƙa an ci. Wannan cakuɗa tana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: ƙwaron da ke son tumatir, in ya tarar da kadada goma ta tumatir zalla, ya sami gari. Manoman Kano da Kaduna da Katsina sun ga haka a 2016, lokacin da tsutsar tumatir ta share gonaki har farashi ya gagari talaka. A lambun da aka gauraya, ga ƙadangare da hawainiya da gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi a cikin shinge, ɓarna takan zo amma da wuya ta tafi da komai.

A ganina shingen ma ya fi abin da ke cikinsa muhimmanci. Shingen kara ko na ƙaya da aka saro, duk shekara sai an sake, kuma kowace sakewa sara ce a daji. Shinge mai rai, na magarya ko bagaruwa ko lalle ko dakwara, sau ɗaya ake kafa shi. Yana ba da 'ya'ya, yana ba da abin jima, yana ba da ƙaro, kuma a cikinsa ne bushiya da fakara da ƙananan tsuntsaye ke samun mafaka a ƙasar da kowane taƙi ya zama gona. Haka layin gamba da ake bari a iyakar gona: yana tare zaizaya, a yi zana da shi, a sayar da saura.

Wannan gefen iyaka

Hotunan sama da aka ɗauka a kan iyakar Nijar da Najeriya, kudu da Damagaram, sun nuna wani abu mai sa tunani. Ƙasa iri ɗaya, ruwan sama iri ɗaya, mutane dangin juna masu cin kasuwa ɗaya, amma gefen Nijar ya fi duhun itatuwa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ba dawowar ruwan sama ba ce kawai ta yi aikin. Ba kuma za a ce manomin Najeriya bai san darajar itace ba. Michael Mortimore, wanda ya shafe shekaru yana nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano, ya nuna cewa a inda mutane suka fi cunkoso, gonaki sun riƙe itatuwansu, domin kowace bishiya tana da mai ita, kuma taki na fita daga birni a kan jakuna. Ilimin yana nan. Abin da ya bambanta shi ne inda hukuma ta sa ƙarfinta. An yi layukan kare hamada na darbejiya da turare a Kano da Jigawa da Katsina, an shiga shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, har aka kafa masa hukuma ta musamman a 2015. Kusan kullum lissafin da ake bayarwa na yawan abin da aka dasa ne. Dashe yana da kwangila, yana da ranar buki. Barin toho ba shi da ko ɗaya, shi ya sa ba ya shiga kasafi da sauƙi.

Yanzu kuma ga sabon sassabe ya shigo, wanda ba ya buƙatar adda. Maganin ciyawa ya yi araha idan aka gwada da kuɗin 'yan ƙwadago, kuma ba wanda zai zargi manomin da ya ga sauƙi ya bi. Amma feshi ba ya tsayawa ya duba. Ba ya bambanta ƙuduji da tafasa, ba ya gane ɗan tsiron gawo da ya fito daga taki. Matan da suka saba bin gona suna tsinkar ganyen miya sun fara tambaya ko an yi feshi kafin su taɓa. Maganin ƙwari ma haka: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan gubar da aka samu a jikinsa, kuma waken da bai tafi Turai ba, mu muka ci shi.

Ko a Nijar ɗin ma ba a gama ba. Bishiyar da aka rena shekara biyar, dare ɗaya ya isa a sace ta. A Ɗan Saga da ke yankin Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin sa ido da ya haɗa maza da mata da makiyaya, suka yi dokokinsu, suka sa tara, kuma ƙauyukan kewaye suka kwaikwaya. Saka makiyaya a ciki shi ne hikimar, domin wanda ke yanko reshen gawo ya ba dabbobinsa a ƙarshen rani ba mugunta ce ta sa shi ba, burtali ne ya ƙuntata, makiyaya ta zama gona. In an zauna da shi, za a iya yarda a kan wane reshe za a yanka, da yaushe, da abin da dabbobinsa za su bari na taki. In ba a zauna ba, za a haɗu a gaban alƙali ko a wurin da ya fi nan muni.

Wanda har yanzu ba a sami bakin zarensa ba shi ne mai noma gonar da ba tasa ba. Gado na ta rarraba gonaki, masu aro da haya da jingina suna ƙaruwa, mata da yawa kuma gayaunar da suke nomawa ta miji ce, yana iya karɓa in ya so. A al'ada, renon itace a gona alamar mallaka ce, don haka mai gona ba ya son ɗan aro ya bar toho ya girma, kada gobe a ce da wa aka yi. Shi ma ɗan aron, da bai san ko baɗi zai dawo ba, ba shi da dalilin renon inuwar da wani zai sha. A irin waɗannan gonaki, ko a tsakiyar Maraɗi, har yau sassaben dā ake yi: a sare kaf, a tara, a sa wuta.